Kantin Littattafan Kirista a Gadarif: Rediyon Ya Yi, Amma Wa Ya Zaɓi Ayoyin?

A bayan babbar kasuwar Gadarif, cikin wani layi da masu gyaran waya da masu sayar da fitilun hasken rana suka mamaye, akwai wani ɗan ƙaramin kanti da ke sayar da littattafan addinin Kirista. Babu allon suna a ƙofarsa, mai shi kuma ba ya son a yayata sunansa, don haka kwatance kawai zan yi. Wanda ya tambayi dattawan coci-cocin garin za su nuna masa hanya. Dalilin da ya sa na ga ya dace a yi sharhinsa da Hausa shi ne, a nan na sami Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu, a rubuce da kuma a murya, abin da ban yi tsammani ba a gabashin Sudan. Kantin amintacce ne, rediyon da yake sayarwa kuma ya ci kuɗinsa. Inda nake da magana shi ne darussan da aka zuba a cikin katin rediyon, domin sun shiga batun hukuma da biyayya a ƙasar da yaƙi ke ci, amma ɓangare ɗaya kawai na batun suka ɗauka.

Ni mutumin Arewacin Nijeriya ne, mai bin Almasihu, aikin jinya ne ya kawo ni nan, kuma ina haya a unguwar da akasarin mazaunanta Hausawa ne 'yan ƙasa, Musulmi, waɗanda kakanninsu suka iso tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙafa. Mai kantin kuwa dattijo ne daga Duwatsun Nuba, wanda ya daɗe yana wannan sana'a a Omdurman kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tashe shi. Ya fara sauka a Wad Madani, sai garin ya faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, a watan Disamba na shekarar, ya sake ɗaura abin da ya saura masa na littattafai ya yo gabas. Yaran layin suna ce masa Ammu, ni kuwa Baba nake ce masa. Akwai wani saurayi da ke taya shi, wanda ya tashi cikin Hausawa kuma yana jin harshen sarai, saboda haka wanda Larabcinsa bai nuna ba ba zai sha wuyar ciniki ba.

Yawancin kayan kantin na Larabci ne, musamman tsohuwar fassarar 1865 da aka fi sani da sunan Van Dyck, wadda coci-coci da dama a ƙasashen Larabawa ke karantawa har yau. Akwai kuma na Amhariyanci da Tigrinya, domin tun Nuwamban 2020 da yaƙin Tigray ya koro mutane daga Habasha, jihar Gadarif ta karɓi dubban 'yan gudun hijira a sansanoni irin su Um Rakuba. Ana samun Sabon Alkawari cikin wasu harsunan Nuba, da littattafan waƙoƙin sujada, da kalanda. Baba ba ya tsuga kuɗi domin ya ga baƙo, ba ya kuma son doguwar tayawa. Farashi yana sauyawa ne kawai idan fam ɗin Sudan ya sake faɗuwa, kuma yana karɓar tsabar kuɗi ko turawa ta manhajar banki ta Bankak. Wanda ba shi da ko sisi yana iya zama a kan bencin ƙofa ya karanta ya mayar. Aibin wurin a fili yake: ɗakin ya yi ƙunci, rabin littattafan suna cikin kwalaye, ƙura ta shiga ko'ina, lokacin buɗewa kuma ba shi da tabbas.

Kwafin Hausa na takarda kaɗan ne, kuma na fassarar da aka sabunta a ƙarshen shekarun 1970 ne, ba tsohuwar nan ta 1932 da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi wa aiki mai yawa ba. Takardar tana da kyau, rubutun dai ya yi ƙanana ga mai raunin ido. Babu na ajami ko ɗaya, wannan kuwa giɓi ne a wurin da yawancin masu jin Hausa suka yi karatunsu da harufan Larabci, ba su taɓa koyon bokon Hausa ba. Wani abin da ya sa na saba da kantin da wuri shi ne, ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission), wadda aka kafa a 1904 kuma ta yi aiki a Filato da yankin Binuwai, ita ce ta kai bishara wasu sassan Duwatsun Nuba tun wajajen 1920, don haka akwai waƙoƙin da Baba ke rerawa da nasa harshe waɗanda na san karinsu tun ina yaro.

Abin da ya fi fita a kantin shi ne wani ƙaramin rediyo mai faifan hasken rana a bayansa, yana da tocila a ka, yana kama tashoshin FM, yana kuma karanta katin memori. Irinsa birjik yake a kasuwa. Abin da ya bambanta na Baba shi ne katin da yake loda wa mutum da harshen da ya zaɓa. A ƙasar da lantarki ke ɗaukewa ba sallama, kuma layukan waya da intanet suka katse a mafi yawan jihohi a Fabrairun 2024, na'urar da ba ta neman wuta ko data tana da ranarta. Idan ya wuni a rana yakan kai mutum har tsakar dare, amma da damina, lokacin da hadari ke rufe Gadarif, sai an haɗa masa da caji. Muryar tana fita tas a ɗaki, sai dai idan an ƙure sauti takan dishe. Babbar matsalarsa ita ce nemo wurin da ake so, domin lamba kawai yake nunawa, ba sunan littafi ba. Littattafai 66 ne masu surori 1,189, kuma mai neman Habakuk sai ya san cewa shi ne na 35, sannan ya dinga danna ɗan maɓallin roba har ya isa. Baba yana ba da takardar da ke jera lambobin, amma da Larabci take.

Katin Hausa ya kasu kashi uku, kuma kashi na farko shi kaɗai ya isa dalilin sayen rediyon. Karatun Littafi Mai Tsarki ne dukansa, daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya, ba kiɗa, ba sharhi, da muryar wani mutum mai natsuwa wanda ba ya gaggawa, ba ya kuma ƙara wa nassi wasan kwaikwayo. Sauraro a jere yana mayar da littafin yadda mutanen farko suka karɓe shi, domin an rubuta yawancinsa ne don a karanta wa jama'a da babbar murya. Ezra ya karanta Attaura a dandali tun safe har tsakar rana, Bulus kuma ya umarci Kolosiyawa da Tasalonikawa su karanta wasiƙunsa a gaban ikilisiya. Mai sauraro ba ya iya tsallake abin da bai yi masa daɗi ba kamar yadda ido ke yi a takarda. A lokacin da kwalara ta ɓarke a gabashin ƙasar a 2024, ina dawowa daga aiki ba ni da ƙarfin buɗe littafi, ba ni kuma da zuciyar jin wani yana ce mini kome lafiya. Abin da ya riƙe ni shi ne Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta kuma ƙare cikin duhu ba tare da an ba mai addu'ar amsa ba, da Ayuba, wanda Allah ya tsawata wa abokansa saboda sun yi masa bayanin wahalarsa da sauƙin baki. Littafin Makoki ma haka: surori biyar ne kan rushewar Urushalima a hannun Babila, kuma a sura ta 5 mutanen suna kukan cewa baƙi sun gaje gidajensu, ruwan sha da itacen girki ma sai sun saya. Wata uwa da ta gudo daga Bahri, wato Khartum ta Arewa, wadda muke sujada tare, ta sa na sake kunna mata wannan sura da Larabci, ba ta ce kome ba sai da ta ƙare, sannan ta ce ba ta san cewa an yarda mutum ya yi wa Allah magana haka ba.

Kashi na biyu shi ake kira ayar rana: aya ɗaya, da 'yan kalmomin ƙarfafawa na minti biyu ko uku, ana kaɗa molo a hankali a bayan murya. Shi mutane suka fi kunnawa saboda gajere ne, shi ne kuma ya fara sa ni ɗaga gira. Wanda ya tsara shi ya bi littafin ya tsince alkawura masu daɗi kamar mai tsince naman miya ya bar wa wasu tuwon. Misalin da ya fi bayyana shi ne Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shiri na alheri da makoma ga mutanensa. Ayar gaskiya ce, amma a cikin wasiƙa take, wadda aka aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28, wani annabi mai suna Hananiya ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu za a koma gida, Irmiya kuwa a cikin wasiƙar ya ce shekara 70 ce, ya umarce su su gina gidaje, su shuka lambuna, su yi aure su aurar, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, domin a cikin lafiyarsa tasu take. Wato yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin ba su ne suka ga cikarsa ba. Ga mutanen da suka kwana a ajujuwan makarantun Gadarif suna jiran a ce gobe za a koma, cire ayar daga cikin wasiƙarta yana mayar da ita saƙon Hananiya. Gaskiya ne tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris mutane da yawa sun koma, amma da yawansu kango suka tarar, wasu kuma har yanzu suna nan, kuma abin da suke buƙatar ji shi ne cewa rayuwar da ake yi a wurin hijira ita ma rayuwa ce da Allah ya sa wa albarka.

Kashi na uku jerin darussa ne a kan mai bi da hukuma, kuma daga yadda mai wa'azin ke maganar ƙuri'a da haraji da ƙaramar hukuma, a fili yake cewa don mutanen Nijeriya aka shirya su. Ba zan rage masa abin da ya yi daidai ba. Ya yi bayani mai kyau kan biyan haraji, da ƙin cin hanci, da yi wa shugabanni addu'a kamar yadda 1 Timoti 2 ta koyar, ya kuma yi kashedi mai ƙarfi a kan ramuwar gayya. Amma ginshiƙin darussan duka shi ne Romawa 13:1-7, inda aka ce kowa ya yi biyayya ga mahukunta domin babu iko sai daga Allah, ya ƙara da 1 Bitrus 2 da maganar ba Kaisar abin da ke na Kaisar, daga nan bai sake leƙa ko'ina ba. Bulus bai rubuta wasiƙarsa da lambobin surori ba. Rabon surorin da muke amfani da shi a ƙarni na 13 aka yi shi, ana kuma danganta shi ga Stephen Langton, wani babban bishop na Ingila. Wanda ya saurari wasiƙar a jere a kashi na farko na wannan katin zai ji cewa kafin maganar hukuma an ce a ciyar da maƙiyi idan yana jin yunwa, bayanta kuma an ce ƙauna ba ta cutar da maƙwabci, a tsakiyarta ma aya ta 4 ta faɗi aikin mai mulki, wato ya zama bawan Allah domin amfanin jama'a, ya hukunta mai mugunta. Nassin ya ɗora wa talaka biyayya, ya kuma ɗora wa mai mulki aiki, darussan kuwa na farkon kawai suka ambata.

Shi kansa Bulus ɗin, wanda ya rubuta wannan a zamanin Nero, sarkin Roma, bai fahimci biyayya a matsayin rufe baki ba. A Filibi, bayan an yi masa bulala ba shari'a, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da shi. Daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bitrus, wanda aka kafa hujja da wasiƙarsa, shi ne ya gaya wa majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa wajibi ne a bi Allah fiye da mutum. Ungozomomin nan biyu, Shifra da Fu'a, sun ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai, Allah kuma ya sāka musu. Sama'ila ya gargaɗi jama'a cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu maza zuwa yaƙi ya ƙwace gonakinsu mafi kyau, Natan ya tsaya a gaban Dawuda ya ce masa shi ne mai laifin, Wahayin Yahaya 13 kuwa ta siffanta mulkin da ya nemi a yi masa sujada da dabba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin Luka 3:14, inda sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, ya ce kada su ƙwace kayan kowa, kada su yi wa kowa ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Da ni aka ba zaɓin aya ɗaya da za a kunna a kowane shingen bincike na ƙasar nan, ita zan zaɓa.

A Sudan wannan ba gardamar ɗaliban tauhidi ba ce. Mutumin da ya zauna a Wad Madani ƙarƙashin sojoji, ya wayi gari ƙarƙashin RSF fiye da shekara guda, sannan sojoji suka dawo, idan aka ce masa duk mai riƙe da iko Allah ne ya naɗa shi ba tare da an ƙara kome ba, an bar shi da tambayar da ta fi ƙarfinsa. Tarihin coci da gwamnati a ƙasar ma ya nuna cewa ba kowace doka ce ta nemi amfanin jama'a ba. Gwamnatin Janar Abbud ta kafa dokar ƙungiyoyin mishan a 1962, ta kori 'yan mishan na waje daga kudu a 1964. Shugaba Numairi ya kawo dokokin shari'ar Musulunci da aka fi sani da dokokin Satumba a 1983, kuma a Janairun 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Taha, malamin Musulunci, bisa tuhumar ridda, abin da ke nuna cewa takobin bai tsaya a kan Kirista kaɗai ba. A 2014 wata kotu a Khartum ta yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa ƙarƙashin sashe na 126 na dokar laifuffuka, ta haihu a kurkuku kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta, sai a Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke sashen. A ɗaya gefen kuma, lokutan da coci ta fi yi wa ƙasar amfani su ne lokutan da ta buɗe baki ta shiga tsakani: Majalisar Coci-coci ta Duniya da ta Afirka sun taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 da ta tsayar da yaƙin basasa na farko tsakanin arewa da kudu, kuma majalisar coci-cocin kudu ce ta tara ƙabilun Dinka da Nuer a Wunlit a 1999 suka sasanta. Darussan da za a saurara a wannan ƙasa ya kamata su san da wannan, ko aƙalla su bar wa nassi damar faɗin duk abin da ya faɗa.

Akwai kishiyar wannan kuskure a kan kantar Baba, cikin wani ɗan littafin Larabci da saurayin ya taimaka mini na karanta, mai magana kan Kush, tsohuwar masarautar da ta yi mulki a yankin Sudan, a cikin Littafi Mai Tsarki. Rabinsa na farko yana da amfani ƙwarai. Ya tuna wa mai karatu cewa ma'ajin sarauniya Kandakatu da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni 8 daga masarautar Marawi ta dā ya fito, cewa an ambaci sarki Tirhaka da suna a 2 Sarakuna 19 da Ishaya 37, da kuma cewa masarautun Nubiya uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, sun karɓi addinin Kirista a ƙarni na 6, Soba kuma, babban birnin Alwa, kusa da Khartum ta yau, ta tsaya har wajajen shekara ta 1500. Wannan amsa ce mai kyau ga masu cewa Turawa ne suka fara kawo addinin ƙasar. Amma daga nan marubucin ya ɗauki Ishaya 18, mai maganar dogayen mutane masu sulɓin fata a ƙasar da koguna suka ratsa, ya mayar da ita annabcin tuta da iyakar ƙasa ta zamani. An yi irin wannan karatu sosai kafin ƙuri'ar raba gardama ta Janairun 2011, inda fiye da kashi 98 cikin 100 suka zaɓi rabuwa, aka kuma ɗaga tutar Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yuli. Ba a cika shekara uku ba yaƙi ya ɓarke a Juba a Disamban 2013 tsakanin shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar, dukansu masu zuwa coci, har sai da Fafaroma Francis ya durƙusa ya sumbaci ƙafafunsu a Afrilun 2019 yana roƙon su riƙe sulhu. Ishaya yana magana ne a zamanin da sarakunan Kush ke mulkin Masar, Yahuza kuma tana tunanin haɗa kai da su don tare Assuriya, surar ma ta ƙunshi hukunci kafin ta kai ga kawo kyautai Sihiyona. Ana iya sayen ɗan littafin saboda tarihinsa, amma ƙarshensa ba abin ɗora siyasa a kai ba ne.

Batun da katin bai taɓa ba ko sau ɗaya a darussansa shi ne mallakar ƙasa, alhali shi ne ciwon maƙwabtana. Hausawa sun daɗe a Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Zuriyarsu da ta sauran mahajjata sun noma audugar Jazira da riɗi da dawar Gadarif, amma har gobe akwai masu kallonsu a matsayin baƙi. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin kuma suka ƙi, domin a al'adar wurin sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa. Ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Akasarin ɓangarorin biyu Musulmi ne, don haka ba rikicin addini ba ne. Mai gidan da nake haya, wanda 'yan'uwansa daga Rusairis suka zauna a wurinsa a lokacin, ya ji rediyon yana karanta 1 Sarakuna 21 daga tsakar gida, labarin Nabot da ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabinsa, Yezebel ta sa aka yi masa shaidar zur aka jajjefe shi, Iliya kuma ya tare sarkin a cikin gonar. Da aka gama ya ce mini, "Likita, ai wannan sarkin bai mutu ba," sannan ya kawo hadisin da ke cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya masa ƙassai bakwai a wuya ranar alƙiyama.

Na ce masa, "Alhaji, akwai saura," domin labarin yana da kaifi biyu. Hujjar Nabot ita ce gonar gādon kakanninsa ce, wannan kuwa ita ce hujjar waɗanda suka ƙi a ba Hausawa sarauta. Littafin Firistoci 25:23 ya ce ƙasa ta Allah ce, kowa baƙo ne a kanta, Ezekiyel 47:22-23 kuma ya umarta cewa baƙin da suka zauna suka haifi 'ya'ya a cikin jama'a a ɗauke su kamar 'yan ƙasa, a ba su rabon gādo a cikin kabilar da suke zaune. Nassin ya kare mai gādo daga mai ƙarfi, ya kuma hana mai gādo ya mayar da wanda aka haifa a gefensa bare har abada. Bai miƙa wa kowane ɓangare takardar fili ba. Alhaji bai bar addininsa ba, ni ma ban nemi haka ba, amma mun daɗe muna tattauna wannan fiye da duk wani abin da ke cikin darussan, kuma daga kashin da ba shi da sharhi ya fito.

Na kai wa Baba ƙorafina. Ya saurara har na gama, ya ce ba shi ya shirya darussan ba, haka katin ya zo masa, sannan ya ce, "Ɗana, na ga zamanin da ake shiga kanti irin wannan a kwashe littattafai a mota. Wa'azin da ke cewa a yi biyayya ba ya sa a rufe wa mutum ƙofa." Ban yarda cewa wannan ya wanke darussan ba, domin zaɓen ayoyin da ba za su ɓata wa mai iko rai ba shi ma ɗaukar ɓangare ne. Sai dai ni ina da fasfo da ƙasar komawa, shi kuwa sau biyu yaƙi yana tashinsa, don haka ban ja maganar da nisa ba. Abin yabo shi ne bai yi fushi ba, kuma bai ɓoye wa sauran masu saye ba. Na ji shi yana gaya wa wani cewa akwai wanda ya ce darussan ba su cika ba, ya saurara ya yanke wa kansa hukunci. Yana kuma sake loda kati kyauta ga wanda ya sayi rediyo a wurinsa.

Wanda zai je, shawarata ita ce ya ce a loda masa kashi na farko kawai, a cike sauran wurin da karatun Larabci, wanda zai amfani 'ya'yan da aka haifa a nan. Ya zo da katinsa mai inganci, domin masu arhar da ake sayarwa a layin sukan lalace da zafi, ya kuma gwada littattafai uku ko huɗu daga wurare dabam-dabam kafin ya bar kantin. Ya roƙi saurayin ya rubuta masa jerin lambobin da Hausa. A gidan haya da ake zaune da mutane masu addini dabam, abin sawa a kunne ya fi, musamman lokutan salla. Safiya ta fi dacewa da zuwa, ranar Lahadi a rufe yake, ranar Juma'a kuma yakan tashi kafin azahar. Kwafin Hausa na takarda idan ya ƙare sai an yi oda ta Bur Sudan, kuma yakan ɗauki makonni; Baba yana karɓar rabin kuɗin a gaba, ya rubuta rasit da hannunsa, idan kayan ba su iso ba ya mayar wa mutum kuɗinsa.